Babi na Shida: Bayan An Warware Ɗinki

"Likita ya ce aiki ya yi kyau. To me ya sa har yanzu bai dawo daidai ba?"

Da wuya a dawo da wanda aka yi wa tiyatar fankiriyas gida ba a ji wannan tambaya ba. Uwargida takan yi wa ƙanin mijinta ita a soro cikin raɗa. Ɗa yakan yi wa nas ita a waya. Shi kuma mai ciwon yakan yi wa kansa ita da tsakar dare, idan barci ya ƙaurace masa. Wata guda ya shige, an warware ɗinki, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, amma mutumin da a da yake tashi da malmala biyu, yanzu loma biyar ke ƙosar da shi. Wando ya yi masa yawa. Zuwa masallacin ƙofar gida ma sai ya yi shiri.

Amsar a taƙaice ita ce, tiyata awoyi take ci, warkewa kuwa watanni. Mafi yawan watannin nan kuma a gida ake yin su, nesa da likitan da ya yi aikin. Saboda haka za mu bi abubuwa biyu tare: abin da ke faruwa a jiki bayan aikin, da irin gudummawar da ba a samunta sai a wurin wanda ya riga ka bin hanyar.

Me aka taɓa a cikin?

Fankiriyas wata tsoka ce mai laushi, tsawonta wajen santimita 15, tana kwance a bayan tumbi. Kanta yana ta dama, cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, jelarta kuma tana ta hagu, dab da saifa. Aiki biyu take yi. Tana fitar da ruwan da ke narkar da maiƙo da nama da tsaba, fiye da lita guda a kullum. Tana kuma zuba insulin cikin jini, sinadarin da ke daidaita suga.

Duk ɗan Potiskum ya san mahaɗa. Motar da ta taso daga Kano ta biyo ta Azare, da wadda ta taso daga Gombe, da wadda ta gangaro daga Gashuwa, a garin nan suke haɗuwa kafin su miƙe Damaturu da Maiduguri. Haka kan fankiriyas yake. Abinci daga tumbi, ruwan madaciya daga hanta, da ruwan fankiriyas ɗin kanta, duk a wuri guda suke gamuwa. Idan ƙari ya fito a nan ya tare hanyar ruwan madaciya, sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, a gida kuma a ce shawara ce a shiga jiƙe-jiƙe. Aikin likita shi ne ya ɗauke mahaɗar gaba ɗaya: kan fankiriyas, farkon ƙaramin hanji, madaciya, wani yanki na bututunta, wani lokaci har da gefen tumbi. Sai ya janyo hanji ya ɗinka masa hanyoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar mahaɗa kuwa, ko an buɗe ta, sai an ɗauki lokaci kafin zirga-zirga ta daidaita.

Ana kiran wannan aiki da sunan Allen Whipple, likitan birnin New York da ya bayyana shi a 1935, ko da yake wani Bajamushe, Walther Kausch, ya riga shi yin irinsa a 1909. A shekarun 1960, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ya tsira daga aikin. A yau, a asibitocin da suka saba yin sa, waɗanda ke rasuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sai dai har yanzu kusan ɗaya cikin uku, ko fiye, yakan gamu da wata tangarɗa kafin ya warke.

Akwai wasu ayyukan ban da wannan. Idan matsalar a jela take, ita ake yankewa, galibi tare da saifa. Wani a cire masa fankiriyas ɗin duka. Wani kuma, idan ƙarin ya wuce cirewa, sai a buɗe wa ruwan madaciya da abinci hanyar kewaye don ya samu sauƙi. Kuma ba kowace tiyata ce ke nufin ciwon daji ba. Kumburin fankiriyas da ya daɗe, jakar ruwa da ta taru a jikinta, ko rauni daga hatsarin mota idan sitiyari ya daki ciki, duk suna kai mutum ɗakin tiyata.

Likitanka yana nesa

Irin wannan aiki na manyan asibitocin koyarwa ne. Mutumin Potiskum yakan fara da Asibitin Ƙwararru na garin, daga nan takardar turawa ta kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ko na Jami'ar Maiduguri, ko na Tarayya da ke Gombe, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Damaturu kaɗai wajen kilomita 100 ce, Kano kuwa wajen 300. Ranar da aka sallame ka, ka yi nisa da duk wanda ya ga cikinka da idonsa.

Don haka kada a bar asibiti hannu rabbana. A karɓi takardar sallama da ta faɗi sunan aikin, abin da aka cire, ko an taɓa saifa, jerin magunguna, ranar komawa, da lambar wayar da za a kira idan abu ya taso. A tambayi ranar da sakamakon gwajin tsokar da aka cire zai fito, domin shi ne zai nuna ko akwai sauran magani a gaba. Da an iso gida, a kai kwafin takardar ga likita guda a Potiskum, ya san da zamanka tun kafin ranar da za a kawo ka da dare.

Makonnin farko

Yawanci ana yin mako ɗaya zuwa biyu a gadon asibiti. Tun washegarin aikin ake son mutum ya tashi zaune, ya taka ko da taku kaɗan ne, ya riƙa jan numfashi mai zurfi. Wannan ba rashin tausayi ba ne daga malaman jinya. Kwanciya wuri guda ita ke jawo ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyar ƙafa.

A gida ma haka za a ci gaba: yau tsakar gida, gobe ƙofar gida, jibi bakin layi. Sannu ba ta hana zuwa. Amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi har wajen mako shida. Ba ɗaga jarka, ba jan guga, ba daka, ba kama sa a kara. Direba kada ya koma kan sitiyari sai likita ya yarje masa. Salla a zaune ta halatta ga wanda ruku'u da sujada ke ja masa ɗinki. Gajiya kuwa takan bi mutum wata uku zuwa shida, wani ma fiye, kuma wannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ce.

Alamun da ba a kwana da su a gida su ne: zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon ciki da ke ƙaruwa, amai da ya ƙi tsayawa, aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ruwa ko mugunya daga bakin ɗinki, ido ya sake yin ɗorawa, kumburin ƙafa guda, ko sarƙewar numfashi. Abin da likitoci suka fi tsoro a makonnin farko shi ne yoyon ruwan fankiriyas daga inda aka ɗinke ta da hanji, domin ruwan da aka halitta don narkar da nama ba ya tausaya wa naman mai shi. Idan an ga ɗaya daga cikin alamun nan, asibiti za a nufa, ba kemis ba.

Cin abinci ya zama aiki

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin mai ciwo da masu jinyarsa. Su suna ganin ya rame, suna cika masa kwano. Shi kuma ganin kwanon kaɗai yana tayar masa da zuciya. Tumbin da aka taɓa yakan yi nawar sauke abinci na 'yan makonni. Maganin abin shi ne a raba abincin yini gida biyar ko shida, kaɗan-kaɗan: koko ko kunu mara zaƙi sosai, dafaffen ƙwai, alala, farfesun kaza ko kifi, tuwo mai laushi da miyar kuka, nono mai tsabta. Ruwa a sha shi tsakanin abinci da abinci, don kada ya cike gurbin. Lemon kwalba da shayi mai suga da yawa sukan sa wasu jiri da gumi da gudawa jim kaɗan bayan sha.

Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin, ragowar fankiriyas ɗinsu ba ta iya fitar da isasshen ruwan narkarwa. Sai mutum ya ci, amma abincin ya wuce bai amfane shi ba. Alamar ita ce kumburin ciki, yawan iska, rama, da bayan gida mai maiƙo, fari-fari, mai tsananin wari. Littattafan likitoci sukan ce yana tasowa a kan ruwa, amma mai amfani da masai ba zai ga wannan ba, sai dai ya lura da launi da maiƙon.

Akwai kafso da ke maye gurbin ruwan, wanda aka fi sani da sunan Creon. Ana haɗiye shi da lomar farko, ba a taunawa, ba a kora shi da shayi mai zafi. Duk abin da ke da maiƙo ko nama ko madara yana bukatarsa, har ƙosan safe da furar rana. Wanda ya samu adadin da ya dace da shi ba sai ya yi sallama da man shanu da balangu har abada ba, zai koma musu a hankali. Zafi yana kashe ƙarfin maganin, ga shi kuma a watan Afrilu zafin Potiskum yakan haura digiri 40. Kada a bar shi a aljihun gaban mota ko a taga.

Akwai maganar da gara a ji ta tun farko: daga fankiriyas ɗin alade ake tato wannan magani, kuma babu wani da ke yin aikinsa daidai. Malamai da dama sun halatta shi bisa ƙa'idar larura. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya samu malaminsa ya yi masa bayanin yadda abin yake, a yanke shawara cikin sani. Abin gudu shi ne mutum ya ji labari a bakin wani, ya ajiye magani a ɓoye, ya ci gaba da ramewa ba wanda ya san dalili.

Suga, saifa da azumi

Tunda fankiriyas ce ke yin insulin, yanke wani ɓangare nata yana iya jawo ciwon suga, ko ya ƙara wanda ake da shi. Wanda aka cire masa ita duka kuwa, allurar insulin ta zama tasa har ƙarshen rayuwa. Irin wannan suga yana saurin faɗuwa. Gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani da ruɗewa su ne alamu, kuma kowa a gidan ya kamata ya san su. A riƙa yawo da dabino ko alewa a aljihu. Insulin sanyi yake so. Inda wuta ba ta zama, tukunyar ƙasa cikin wata tukunyar da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana rage zafi, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa kwalbar cikin leda don kada ta jiƙe.

Wanda aka cire wa saifa kuma ya rasa wani babban mai gadin jini. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi masa tsanani fiye da kowa, haka sanƙarau da ciwon huhu, ga shi Yobe tana cikin yankin da sanƙarau ke ziyarta da rani. Dole ya karɓi alluran rigakafin da likita zai rubuta, ya kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓi a wurinsa na gaggawa ne.

Azumi ma sai an yi shawara da likita kafin watan ya kama. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma mai ƙoƙarin mayar da kilo goma da ya zube, ko mai allurar insulin, yana cikin waɗanda aka yi rangwamen dominsu. Idan sakamako ya nuna ciwon daji ne, galibi ana so a fara maganin kemo cikin mako 12 bayan aikin, a yi wajen wata shida ana yi. Ƙarfin da aka tara a gida shi ne guzurin wannan zango.

Inda dubiya take tsayawa

Mutanenmu ba su da na biyu wajen dubiya. Makon farko gida ba ya rabo da baƙi, wannan da lemo, wancan da ɗan abin sayen sabulu, kowa da addu'a. Alheri ne babba, kuma lada ce. Amma dubiya tana da iyaka ta fuska biyu.

Ta farko, gajeriya ce. Bayan mako biyu ko uku kowa ya koma harkarsa, a daidai lokacin da mai ciwon ya fara gane cewa tafiyar doguwa ce. Ta biyu, tana da tsararriyar magana. "Ya jiki?" "Da sauƙi." Ko da daren jiya bai runtsa ba, da sauƙi zai ce, domin haka tarbiyya ta koya mana. Magidanci ba zai dubi surukinsa ya ce bayan gidansa ya canza launi ba. Ba zai faɗa wa matarsa cewa yana tsoron ba zai ga auren 'yarsu ba. Mace ba za ta ce wa dangin miji tana jin ta zama nauyi ba. Sai abin ya taru a zuciya. Likitoci sun daɗe da lura cewa baƙin ciki mai kwantar da mutum ya yawaita ga masu ciwon fankiriyas. Wanda ya faɗa cikinsa ba ya cin abinci, ba ya tafiya, ba ya komawa asibiti, kuma waɗannan ukun su ne ginshiƙan warkewa.

Sannan cikin masu dubiya ba a rasa mai kawo labarin wane da aka yi wa irin aikin bai yi wata ba, da mai kawo gorar jiƙo da ba a san abin da ke ciki ba, ga hanta ba ta daɗe da fita daga wahala ba.

Gani ya kori ji

A ce wani matashin direban tirela ne, wata biyu da yi masa aiki, ya zube, ya daina fita. Aka haɗa shi da wani dattijo da aka yi wa irin aikin shekaru uku da suka wuce. Dattijon ya zo a kan babur ɗinsa, ya zauna, ya ɗaga riga ya nuna masa tabo.

"Baba, kai ma ka yi wannan ramar?"

"Ɗana, har sai da aka rage mini wanduna. Faɗa mini, kafson nan yaushe kake shan sa?"

"Bayan na gama cin abinci."

"To ka kira likitanka yau ka faɗa masa haka. Ni da lomar farko aka ce in sha, kuma daga nan na ga canji."

Cikin 'yan mintoci matashin ya samu abu uku. Ya ga mai irin tabonsa yana tuƙa babur. Ya yi maganar da kunya ta hana shi yi da kowa. An kuma gano kuskuren da ke ramar da shi, aka mayar da shi ga likita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan hikima ta daɗe a aikin likita. A 1905, Dokta Joseph Pratt na birnin Boston ya fara tara talakawa masu tarin fuka mako-mako, ana rubuta nauyin kowa, waɗanda suka samu sauƙi suna ba sababbi labari. A 1952, wata mata a New York mai suna Terese Lasser, bayan an yanke mata mama, ta shiga ziyartar matan da aka yi wa irin aikinta a gadajen asibiti, shirin da Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta ɗauka a 1969. Ƙungiyar PanCAN, wadda aka kafa a Amurka a 1999 musamman don ciwon dajin fankiriyas, tana haɗa sabon majinyaci da tsohon ta waya.

Shin zama da 'yan'uwa yana ƙara tsawon rai? A 1989, Dokta David Spiegel na Jami'ar Stanford ya wallafa bincike kan mata 86 masu ciwon dajin mama, inda waɗanda ke zama tare suka fi daɗewa. Amma a 2001 wani bincike mafi girma a Kanada, kan mata 235, bai ga bambanci a tsawon rai ba. Abin da ya gani shi ne raguwar damuwa da raguwar jin zafin ciwo. A nan ya kamata mu tsaya. Ƙungiya ba ta kashe ƙari. Tana sa mutum ya ci, ya taka, ya sha magani daidai, ya koma asibiti a kan lokaci, ya kuma yi kwanakinsa cikin natsuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

A Babbar Ruga ta Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ya fara gyaran yoyon fitsari a shekarun 1980, matan da aka ƙyamata a gidajensu sukan tarar da ɗaruruwan irinsu, kuma wadda ta warke ita ce ke komawa ƙauye ta rako wata. Masu ɗauke da cutar HIV sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NEPWHAN, a 1998, kuma zamansu na wata-wata ya riƙe mutane da yawa a kan shan magani. Iyayen 'yan sikila da masu ciwon suga ma suna da nasu. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa wa masu babbar tiyatar ciki irin wannan tabarma.

Yadda za a fara a Potiskum

Waɗanda aka yi wa tiyatar fankiriyas ba su da yawa a gari guda, don haka kada a jira sai sun cika ɗaki. Mutum biyu ma sun isa. A roƙi likitan da ya yi aikin, ko nas ɗin sashen, ya tambayi wani tsohon majinyaci ko ya yarda a ba da lambarsa. A faɗaɗa da'irar ta haɗa da waɗanda aka yi wa babban aiki a tumbi, hanji ko hanta, da masu allurar insulin, domin matsalolinsu suna kama da juna. A jawo na Fika, Nangere, Damagum da Azare. Bangizime da Bakarkare da Babole da Bafulatani, Musulmi da Kirista, Hausa ta ishe su fahimtar juna.

Zama sau ɗaya a wata ya wadatar, a harabar asibiti ko a gidan wani. Tsakanin zama da zama, saƙon murya ta WhatsApp yana kai wa ga wanda bai iya karatu ba. Mata su samu lokacinsu su kaɗai, domin akwai tambayoyin da ba za su yi a gaban maza ba. A samu nas ko likita guda da zai riƙa leƙowa yana gyara abin da aka fahimta a karkace. A ajiye sikeli da na'urar gwajin suga, a riƙa rubuta nauyin kowa. Wanda aka ga yana zubewa wata biyu a jere, a raka shi asibiti.

Kuɗi ma suna cikin maganar. Kafson narkar da abinci yana da tsada, kuma ba kowane kanti ke da shi ba. Ƙaramin asusu irin na adashi zai biya wa wani kuɗin mota ranar komawa asibiti. Mai zuwa Kano zai iya sayo wa kowa, da takardar likitan kowa a hannu. Wanda ya san hanyar rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, YSCHMA, ya nuna wa saura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dokokin zama

Ƙungiyar da ba ta da ƙa'ida tana iya cutarwa. Abin da aka faɗa a zama amana ne, ba ya fita. Kowa ya ba da labarin abin da ya same shi, amma ba mai rubuta wa wani magani, ba mai ce wa wani ya rage ko ya ƙara. Ba talla, ko ta maganin gargajiya ko ta bature. Ba gwada warkewar wani da ta wani, domin wanda aka cire wa jakar ruwa da wanda aka cire wa ciwon daji ba hanya ɗaya suke bi ba.

Sai kuma mafi nauyi. Ciwon dajin fankiriyas yana cikin masu tsanani, kuma yakan dawo ko bayan aiki mai kyau. Wata rana za a rasa ɗaya daga cikin masu zama. Kada a ɓoye, kada kuma a watse. A je jana'iza, a yi ta'aziyya, a ci gaba da leƙa iyalinsa. Ƙarfafa gwiwa ba ya nufin a ce wa mutum babu abin da zai same shi, domin rai a hannun Allah yake. Yana nufin ya tabbata cewa ko ta wace fuska al'amarin ya juya, akwai masu tsaya masa da suka san ciwon daga ciki.

Duk abin da muka lissafa a nan, daga dama kunu sau shida a yini zuwa kwana a zaune ana auna zazzaɓi, akwai wanda ke ɗauke da shi, kuma galibi mace ce: mata, uwa, 'ya ko ƙanwa. Ita ba a zuwa dubiyarta, ba a tambayar ta ya jiki. Babi na gaba nata ne. Za mu duba abin da mai jinya ya kamata ta sani, yadda za a raba mata nauyi a cikin dangi, da alamun da ke nuna ita ma ta kai inda take bukatar a kula da ita.